Ammi Yakubu da Macijin da Muka Ce Babu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi ne, ina tsakar gidan mahaifiyata a unguwar Ruwais ta Jidda ina shanya kayan yara, na ji sallama a ƙofa da muryar da na sani amma na daɗe ban ji ta a gidanmu ba. Abdullahi ne, babban ɗan Ammi Yakubu. Rabonsa da taka ƙofarmu tun ina budurwa. Na yafa mayafi na leƙa, na same shi tsaye, idanunsa jawur, ya ƙi zama a bencin da ke gindin bango.

"Maimuna, Abuya ya cika bayan sallar asuba," in ji shi. "Tun da ciwon ya tsananta ya ce in ta faru, gidanku za a fara faɗa wa. To, na faɗa. Za a yi masa salla bayan la'asar."

Bai tsaya na yi masa gaisuwa ba, ya juya. Mahaifiyata tana ɗaki, ta ji komai. Na shiga na tarar ta zauna a ƙasa, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ba kuka take yi mai sauti ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Da wane ido zan shiga gidan nan, Maimuna? Da wane ido?"

Wanda bai san tarihin gidajen nan biyu ba zai yi mamakin tsohuwa tana wannan tambaya ranar rasuwar maƙwabci. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin mutanen unguwarmu da suka san marigayin da wani suna wanda ba nasa ba, da kuma 'ya'yanmu da suka taso suka ji ana kiransa da shi ba su san mafarinsa ba.

Ammi Yakubu, wato Baffa Yakubu da Larabci, ba ɗan'uwanmu na jini ba ne. Abokin mahaifina Haruna ne tun suna wasan ƙasa. Iyayensu duka sun taho aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa, suka ratsa Sudan, suka ƙetaro ruwa, Allah bai nufa sun koma ba. A Ruwais aka haife su, lokacin tana unguwar masunta a bayan gari, bukkoki da ɗakunan katako masu rufin kwano. Su biyun suka girma a ƙaramin jirgin kamun kifi na Baffa Garba, yayan mahaifina, wanda a zamaninsa babu wanda ya fi shi sanin ruwan Jidda.

Ina ƙarama, ban isa shiga makarantar allo ba, aka shiga rububin tafiya gabas, wai can ana haƙar mai kuma ana neman hannu. Ammi Yakubu ne ya kwaɗaita wa mahaifina tafiyar. Baffa Garba ya hana, ba su ji ba. Da suka isa aikin kamfani bai samu ba, sai suka koma wa abin da suka iya, suka shiga jirgin wani masunci a wajen Ƙatif, a tekun gabas da mutanen can ke kira Khalij. Bayan 'yan watanni Ammi Yakubu ya dawo shi kaɗai, da ƙunshin tufafin mahaifina a hammata.

Ban riƙe fuskar mahaifina ba, amma na riƙe wannan rana, domin ita ce farkon ganina da babban mutum ya durƙusa a ƙasa a gaban jama'a. Abin da ya faɗa kuwa daga bakin mahaifiyata na samo shi, ita da ta saurara daga bayan labule.

"Mun jawo taru muna tsince kifi a cikin jirgi," in ji shi, "sai Haruna ya ce wani abu ya soke shi a yatsa. Muka duba, ga maciji a cikin kifin, jikinsa zobe-zobe, wutsiyarsa a baje kamar filafili. Na kama shi ta wutsiya na wurga shi ruwa. Na duba yatsan, ko jini babu, ɗan ɗigo ne kamar na ƙaya. Babu kumburi, babu zafi. Na ce masa yalla, mu ci gaba, ba komai, macijin da ya yi sara na gaske ai da zafi ake gane shi. Ko mai jirgin ba mu gaya wa ba. Da rana ta ɗaga ya ce jikinsa na ciwo kamar an yi masa duka. Na yi masa dariya, na ce raki ne. Can sai haɓarsa ta ƙi buɗuwa, idanunsa suna rufewa alhali ba barci yake ji ba. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Da mai jirgin ya gani ya tambaya, na faɗa masa, ya dafe kai ya juya jirgi. Kafin mu kai gaci numfashi ya gagare shi. Mun yi masa sutura a can. Ni na kai shi, ni na ce masa raki. Ku yi mini abin da kuka ga dama."

Baffa Garba ya ce, "Maciji a cikin teku? Yakubu, a bakin ruwan nan aka yanke mini cibiya. Daga Rabig har Lis babu inda ban jefa taru ba. Akwai shaga, kifin nan dogo da ke ɓuya a ramin dutse, shi kuwa in ya cije ka kowa sai ya ga jini. Amma maciji mai sara babu zafi babu kumburi? Faɗa mini abin da ya sami ƙanena."

"Wallahi abin da ya same shi ke nan, Yaya."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya."

Tsofaffin masunta da ke wurin duk suka gyaɗa kai. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Babu macijin ruwa a Bahar Maliya. Dalilin da ya sa ya cika tekun gabas ya bar namu, ban sani ba har yau, na ji masu cewa kaza da masu cewa kaza. Abin da na sani shi ne mutanen nan sun faɗi gaskiyar tekunsu, suka yanke hukunci da ita a kan tekun da ba su taɓa gani ba.

Daga nan magana ta bazu. Wasu suka ce faɗa suka yi a jirgi. Wasu suka ce mahaifina ya faɗa ruwa, Ammi Yakubu ya ji tsoro ya ƙi bin sa, ya ƙago maciji don ya rufe ragwancinsa. Babu wanda ya kai shi ƙara, domin babu shaida. Sai dai aka sa masa suna Abu Hanash, wato mai maciji da Larabcin nan Hijaz, sunan kuwa ya bi shi. Babu mai jirgin da ya ƙara ɗaukarsa. Mutumin da ya tashi a cikin ruwa ya koma ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana sauke buhunan shinkafa da akwatunan alhazai, a nan ya ƙare ƙarfinsa.

Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne yadda tambaya take da sauƙi. Shekara bayan shekara mutanenmu suna zuwa gabas suna dawowa. Da an aiki ɗaya ya tsaya a bakin ruwa ya tambayi masunci, da an huta. An ce wani direba ya taɓa cewa a majalisa shi ma ya ji labarin irin macizan nan a Dammam, aka ce masa kare abokinsa yake yi, ya ja bakinsa ya yi shiru. Mun riga mun gama shari'ar, ba ma son mai tada ta.

Na ce "mu" ne domin gidanmu ne tushen maganar. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa ya yi ƙarya ba, ba ta kuma taɓa cewa ya yi gaskiya ba. Tana zaune a ƙarƙashin inuwar Baffa Garba da marainiya a hannu, sai ta zaɓi shiru.

A cikin wannan shirun na tashi, da abincin Ammi Yakubu a bakina. Kullum kafin ya wuce tasha zai biyo ta ƙofarmu ya ajiye gurasar tamis mai zafi a kan dakali, ya yi gyaran murya, ya wuce. Ba ya sallama balle a amsa. Mahaifiyata takan jira sai ƙarar takalminsa ta ɓace sannan ta ce in ɗauko. Lokacin babu famfo a unguwa, ruwa sai a wurin masu garwa, in sun yi wuya shi yake ɗauko mana a kafaɗarsa ya juye a tulun da ke waje. Shekarar da ruwan sama ya yi ɓarna ya yaye mana rufi, ya hau ya gyara tun daga safe har azahar, da aka miƙa masa shayi ya karɓa da hannu biyu kansa a ƙasa, ya sha yana fuskantar bango. Tsawon ƙuruciyata ban taɓa ganin ya ɗaga ido ya dubi mahaifiyata ba, ban taɓa ganin ya tsallake dokin ƙofarmu ba. Mutane suka ce ai ga alamar mai laifi nan. Shi ma laifin yake gani a kansa, sai dai ba irin wanda suke nufi ba.

Da aka buɗe makarantar 'yan mata ta gwamnati, gidaje da yawa suka hana 'ya'yansu. Ammi Yakubu ne ya sa matarsa, Khala Zainab, ta zo ta roƙi mahaifiyata a bar ni in tafi tare da 'yarsu Hindatu, wadda take tsarata kuma ƙawata. Ya ce Haruna ya taɓa gaya masa a jirgi cewa yana son 'yarsa ta iya karanta wasiƙa da kanta. Ranakun farko da samari ke tsayawa a hanya suna yi wa 'yan makaranta ihu, shi ya riƙa rako mu. Yakan bari mu yi gaba, ya biyo mu daga nesa, don kada a ce an gan ni da Abu Hanash. Wannan alƙalamin da nake rubutu da shi, ta hanyarsa na iya riƙe shi.

Yana da wata magana da duk wanda ya yi aiki da shi a tasha ya sani: "In mutum ya ce maka jikinsa na ciwo, ka yarda tukuna, bincike daga baya." Ba faɗa kawai yake yi ba. Ɗan dako ya ce kansa na juyawa, Ammi Yakubu zai ajiye buhunsa ya ja shi inuwa, ko da shugaban aiki zai yi ta masifa. An sha yi masa dariya a kan haka, wasu ma suna yi masa ƙaryar ciwo don su huta, ya sani, bai daina ba. Wata shekara da hajji ya faɗo a tsakiyar zafi, wani tsoho ɗan ƙasar Barno ya sauko daga jirgi yana cewa ba ya jin daɗi, 'yan tawagarsa suna ce masa ya daure an kusa. Ammi Yakubu ya goya shi a baya har wurin likitan tasha. Likitan ya ce zafin rana ne ya kusa kashe shi. Tsohon ya yi hajjinsa ya koma gida da ƙafarsa.

Bai taɓa janye labarin macijin ba, ko da wasa. Bayan rasuwar mahaifina ya zauna 'yan makonni a Ƙatif yana bin masunta da tambaya, don ya san abin da ya kashe abokinsa, kuma duk wanda ya tambaye shi zai faɗa masa abin da ya koyo, ko da ya san tsokana ce. Yakan ce macijin ba kifi ba ne, iska yake shaƙa kamar ni da kai, yakan taso saman ruwa ya ja numfashi ya koma, ya daɗe a ƙasa. Hancinsa a saman kai yake, yana da abin da ke toshe shi in ya nutse. Ba ya fita tudu ya yi ƙwai, a cikin ruwa yake haihuwar 'ya'yansa da rai. In zai yi saɓa sai ya ƙulle kansa kamar igiya ya zame tsohuwar fatar. In igiyar ruwa ta jefo shi kan yashi ba ya iya jan ciki, sai dai ya yi ta birgima. Ba shi da faɗa, masunta suna kama shi su jefar kullum, sai wanda kwanansa ya ƙare. Duk bayanin da ya ƙara, sai majalisa ta ƙara fashewa da dariya. Shi kuwa yakan ce, "Ban gani ba daban, babu daban." In abin ya yi yawa ya ce, "Halas, shi ke nan, Allah ya sani," ya tashi.

Ba shi kaɗai ya biya ba. Da Hindatu ta isa aure wani gida mai mutunci daga unguwar Hindawiyya suka nema wa ɗansu, har an sa rana. Suka zo bincike unguwa, aka kai su wurin Baffa Garba a matsayinsa na dattijo. Ya ce musu, "Ku tambayi uban inda ya kai ƙanena." Maganar aure ta mutu. Hindatu ta zauna shekaru a gida, ƙannenta na bayanta suna jira, daga ƙarshe aka aurar da ita can Bur Sudan, a ƙetaren teku, inda ba a san sunan ba. Tun ranar Abdullahi ya daina gaishe mu. Washegarin ranar da aka mayar da kayan Hindatu, na fito da safe na tarar da tamis a kan dakali, da zafinsa. Ni da mahaifiyata muka zauna muna kallonsa har ya huce.

Ranar ɗaurin aurena Baffa Garba ne waliyyi, ba a gayyaci Ammi Yakubu ba. An ce ya tsaya a bakin lungu har aka shafa fatiha, ya shafa tasa, ya tafi.

Bayan aurena maigidana ya sami aikin tuƙi a tashar jiragen ruwa ta Dammam, muka koma can. Wata Juma'a a lokacin sanyi, bayan an kwana biyu ana iska mai ƙarfi daga arewa, muka fita bakin teku da maƙwabtanmu. 'Yata ta fari, tana tatata a lokacin, ta hangi wani abu a kan jiƙaƙƙen yashi ta nufe shi da hannu a miƙe. Maƙwabciyata Ummu Jasim, 'yar masuntan Ƙatif, ta kurma ihu ta fizge ta. Na ƙaraso da gudu.

Yana nan kwance, tsawonsa kamar kamu biyu, jikinsa zobe-zobe, toka-toka da baƙi. Wutsiyarsa a baje kamar filafili. Yana ta murɗawa yana son komawa ruwa, yashi ya ƙi ba shi hanya. Na sunkuya na ga ƙofofin hancinsa a saman kai. Na zauna a cikin ruwan da abayata.

Ummu Jasim ta ɗauka tsoro ne. Ta ce in kwantar da hankalina, bai taɓa yarinyar ba, kuma ai suna da yawa a nan, in teku ta lafa har sai ka gan su a sama suna shan rana. Ta ce kawunta ma shi ya kashe shi, a wurin tsince taru. Na ce, "Bai ji zafi ba, ko? Sai ciwon jiki, sai haɓa ta ƙi buɗuwa, sai idanu, sai fitsari ya yi baƙi." Ta dube ni ta ce, "Ke da kike 'yar Jidda, wa ya gaya miki?" Daga baya ta ce da yawa in ya sare su ba ya zuba dafi, su tashi lafiya, amma a zamanin da, wanda dafin ya shiga sosai ko an kawo shi gaci babu abin da ake yi masa sai addu'a.

Maigidana ya sa wani masunci ya kashe shi, aka cusa shi a gishiri ya bushe. Da muka zo Jidda hutun ƙaramar salla na taho da shi a cikin gwangwani. Lokacin idon Baffa Garba ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na kawo masa wani abu daga tekun gabas ya gaya mini sunansa. Ya karɓa yana murmushi, domin shi mutum ne da yake gane kifi da yatsunsa. Ya shafa bayansa ya ji ɓawon fata. Ya lalubi gefen kai inda kifi ke shaƙar ruwa, bai samu ba. Ya bi jikin yana neman ƙaya ko fiffike, babu. Da ya kai wutsiya sai hannunsa ya tsaya. Murmushin ya tafi.

"Wannan ba kifi ba ne," in ji shi, a hankali.

"A'a, Baffa."

Ya daɗe riƙe da shi a cinyarsa. Sannan ya ce, "Miƙo mini takalmina. Ki ce wa uwarki ta sa mayafi."

Muka tarar da Ammi Yakubu a kishingiɗe, bayansa ya riga ya lalace da dako. Da ya ji muryar Baffa Garba a ƙofarsa ya miƙe a ruɗe yana neman tabarma. Baffa bai zauna a kanta ba, ya zauna a ƙasa, ya ajiye abin a tsakaninsu. Ammi Yakubu ya dube shi, ya dube shi, ya ce, "Namu ya ɗan fi wannan kauri."

"Yakubu, na zalunce ka," in ji Baffa Garba. "Na zalunci 'ya'yanka. Ranar Juma'a zan tsaya a masallaci in faɗa da bakina."

"Ba za ka tsaya ba, Yaya. Kai ba ka gani ba ne. Ni na gani, na ji yana cewa jikinsa na ciwo, na yi dariya. Kuma jikokinka a unguwar nan za su yi aure. Na san abin da suna yake yi wa gida. Ka yi mini alkawari ba za a faɗa wa kowa ba, muddin ina da rai."

Na ga abin zai tsaya a nan, sai na yi ƙarfin hali na gaya masa maganar Ummu Jasim, cewa ko da sun juya jirgi tun a take, babu maganin da zai tarar. Ya ce, "Na sani, ya binti, 'yata, mai jirgin ya gaya mini tun ranar. Ba maganin nake tunani ba. Dariyar nake tunani. Ita ce abu na ƙarshe da ya ji daga bakina yana cikin hankalinsa."

Khala Zainab tana tsaye a bakin ɗaki. Ita ba ta yi shiru ba. "Shi ya yafe, ai halinsa ne," in ji ta. "Hindatu fa? Wa zai mayar mata da shekarunta? Wa zai dawo mini da ita daga bayan ruwa?" Haka muka fito.

Bayan wannan mahaifiyata ta aika a roƙe shi ya shigo gidanmu ya ci abinci. Ya zo sau ɗaya. Ya zauna a gefen tabarma, ya ci loma kaɗan, idonsa a kan akushi. Ita ma nata idon a ƙasa. Mutum biyu masu furfura, kowanne yana jin nauyin ɗayan, har ya yi godiya ya tashi. A waje kuwa yara suka ci gaba da kiransa Abu Hanash, mu da muka san gaskiya muna ji, alkawari ya ɗaure mana baki. Waɗannan 'yan shekarun sun fi mini na baya nauyi.

Ranar rasuwar, mahaifiyata ta je. Ta zauna can bakin ƙofa kusa da takalma. Khala Zainab ta gan ta, can sai ta tashi ta ɗauko tiren shinkafar sadaka ta ajiye mata a cinya ta ce, "Tsince mana." Mahaifiyata ta yi ta tsincewa hawaye na ɗiga a kan hannunta.

Abin da ya faru a wurin maza maigidana ne ya ba ni labari. Bayan magariba, da aka jera kujeru a titi iyalan mamaci suka tsaya a sahu ana bi ana yi musu ta'aziyya, aka jawo Baffa Garba da sandarsa. Maimakon ya bi layi ya wuce, sai ya tsaya ya juya ga jama'a, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa. Ya ce macijin gaskiya ne, ya taɓa shi da hannunsa. Ya ce Yakubu bai taɓa yi musu ƙarya ba, shi Garba ne ya ɓata masa suna, duk wanda ya taɓa kiran wancan suna daga bakinsa ya ɗauka. Dattawa da yawa suka sunkuyar da kai, domin kusan babu wanda bakinsa ya tsira. Baffa ya miƙa wa Abdullahi hannu. Abdullahi bai karɓa ba. Ya dai jawo kujera ya ajiye a bayan tsohon don ya zauna. Ba zan ce ya yafe ba, kuma ba ni da bakin roƙonsa. Baffa Garba ne da kansa ya ce in rubuta wannan, in sa sunansa, kada in rage komai.

Hindatu ba ta sami jana'iza ba. Jirginta daga Bur Sudan yana hanya. Zan je tasha in tarbe ta, a wurin da mahaifinta ya ƙarar da bayansa, kuma har yanzu ban san abin da zan fara ce mata ba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Yakubu. Ka gafarta masa abin da ya ɗora wa kansa da abin da bai sani ba, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi, ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ji ƙan mahaifina Haruna a inda yake kwance a gabas. Ka ba Khala Zainab haƙuri da lafiya, ka sanyaya zuciyar Abdullahi da Hindatu da ƙannensu, ka tsare zuriyarsa daga bakin mutane, ka ɗaukaka sunan gidansa. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana abin da muka faɗa ba mu da saninsa, da abin da muka ji muka yi shiru. Amin, ya Rabbal alamin.